Shekarar da Na Ba da Aron Hancina

Tun ina yaro aka san ni da hanci. Ba girmansa nake nufi ba, ko da yake nan ma Allah bai rage ni ba. A rugarmu da ke gefen Doguwa, kan hanyar Riruwai, ƙanwar mahaifina Goggo Habi ce ke kai nono kasuwa, kuma ba ta ɗaukar ƙwarya sai ta kira ni. "Haladu, zo ka sansana mini wannan." In sunkuya in ce wannan ya yi, wancan ya fara juyawa, waccan ƙwaryar ba ta bushe ba aka zuba mata. Sai ta gutsuro mini fura ta ce in ɓace mata da gani. Na ɗauka wasa take yi da ni. Da na girma na zama malamin gona a Tudun Wada, hancin nan ne ya haɗa ni faɗa da dillalan masara, domin daga bakin sito zan nuna buhu in ce akwai danshi a cikinsa, a farke kuma a tarar haka ne.

Karatu ne ya kai ni Ingila, na shekara ɗaya, kan yadda ake adana amfanin gona. Na tafi ina magidanci, na bar matata Binta da 'ya'ya uku.

Zangona na farko Landan. Wanda ya yi alkawarin tarbata bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Na zauna a wata ƙatuwar tashar jirgin ƙasa tun hantsi har bayan azahar, na rungume jakata, dubban mutane na wuce ni babu mai kallon wani. Garin yana warin ƙarfe da jiƙaƙƙen kwali. Da abin ya ishe ni na ce "Wayyo Allah" da ƙarfi ban sani ba. Wata mata mai shara da ke gefe ta dakata, ta jingina tsintsiyarta, ta ce, "Sannu, ɗan'uwa. Ina za ka?" Da Hausa! 'Yar Ghana ce, tashin zangon Hausawa na can. Ita ta karanta takardata, ta kai ni har ƙofar jirgin da zan hau, ta tura mini ayaba biyu a aljihu. Ban tambayi sunanta ba, kuma har yau abin yana damuna.

Zango na biyu garin da makarantar take. Kowa ya yi mini kashedin sanyi, kuma sanyin ya cika alkawari. Amma abin da ya fi ci mini rai, babu wanda ya gaya mini shi: ƙasar ba ta da ƙamshi. Tumatur ja wur, ka kai hanci ka ji shiru. Madara kamar ruwan famfo. Na zama kamar wanda aka toshe wa kunne a tsakiyar kasuwa. In kewa ta taso mini, sai in buɗe ƙullin daddawar da Binta ta sa mini a jaka, ba don miya ba, in shaƙa kawai in mayar. Wani ɗalibi da muke gida ɗaya ya taɓa kiran mai gidan ya ce ɓera ya mutu a bango. Na taya su nema har ƙarƙashin gado.

Da karatu ya zo ƙarshe sai na nemi aikin da zan yi kafin lokacin komawa. Aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu mai kai ɗalibai gonaki, kowa Ciyaman yake ce masa. Ya dube ni da 'yar hulata da carbina, ya yi murmushi.

"Malam, na samo maka aiki mai tsabta. Gonar shayi ce. Ganye kawai za ka tsinka."

Ni da na karanci noma, ban tsaya na tambayi kaina tun yaushe Turawan nan suka fara noman shayi a bayan gida ba. Na yi masa godiya har da addu'a.

Zango na uku shi ne gonar, a yankin Kent, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Tun motar ba ta tsaya ba hancina ya farka. Wata goma sha ɗaya yana barci, sai ga wani ƙamshi ya shigo ta taga, kore, mai kaifi, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na ce wa direba ya sauke gilashin duka. Da muka sha kwana na ga gonar, sai da na yi salati. An kakkafa turaku masu tsawon mutum uku, an ja waya a samansu, daga ƙasa kuma wani tsiro ya nannaɗe igiya ya hau har can ƙoli. Layi bayan layi, ka shiga tsakani ka rasa rana, sai haske kore. A jikinsa furanni sun yi tuli, 'yan mitsi-mitsi kamar kan ɗan yatsa, ɓawo bisa ɓawo, marasa nauyi. Can gefe ga wasu dogayen gine-gine masu da'ira kamar rumbunanmu, kowanne da farar hula mai juyawa in iska ta kaɗa. Na yi shekaru ina shiga gonaki, amma ban taɓa ganin shukar da ta sa na ji ni ƙarami ba sai ranar. Sunan tsiron hof.

Aikin kuwa ba tsinkar ganye ba ne. A sare igiyar daga ƙasa, a sare daga sama, a loda a tarakta a kai wa injin da ke cire furen. Jikin tsiron kaushi gare shi, ya kakkarce mini hannuwa har wuya. Ruwa ya sauka a kanmu, ba a tsayawa. Wani ƙaro mai danƙo ya manne a tafin hannuna ya yi baƙi, sabulu ba ya fitar da shi, in na ɗauki burodi sai in ji ɗaci. Sauran ma'aikatan daga gabashin Turai suke, ba ma jin juna sai da nuni. Mai tafiyar da gonar wata mace ce, Helin, mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba ta tafiya sai da sauri. Mahaifinta, wani dogon tsoho mai suna Wolta, shi ke kula da waɗancan gine-gine masu hula, inda ake busar da furen da iska mai zafi. Ni Baba nake ce masa. Ya tambayi ma'anarta, na gaya masa, ya ce ba laifi.

A rana ta uku, lokacin hutun rana, na ce to, mutum yana tsakiyar gonar shayi yana shan na kanti? Na damƙo furen cike da hannu, na zuba a tukunya, na sa citta, na sa sukari cokali huɗu, na bar shi ya tafasa sosai yadda mai shayin bakin tashar Tudun Wada yake yi. Na zauna a kan buhu na yi bisimilla na kurɓa.

Na sha saƙe-saƙin maɗaci ina yaro, na ci ɗata ɗanya, na sha ruwan shuwaka. Duk wasan yara ne. Ɗacin nan ya kama harshena ya murɗe, ya gangara maƙogwaro ya kafa sansani. Hawaye suka zubo mini. Ina cikin wannan hali Baba Wolta ya zo wucewa. Ya leƙa tukunyar, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Me kake dafawa?"

"Shayinku ne, Baba. Amma gaskiya ku Turawa kuna da haƙuri."

Tsohon nan ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya samu numfashi ya ce, "Wa ya ce maka shayi ne? Wannan furen giya ake sawa. Shi ke ba ta ɗaci da ƙamshi."

Na ce innalillahi. Ciyaman ya san sarai abin da ya sa ya ce shayi, ya ga hulata ne. Ina nan zaune sai tsohon ya miƙo hannu ya karɓi kofin. Ya kurɓa. Na jira ya tofar. Bai tofar ba, ya lumshe ido ya shanye shi tas a hankali, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan kam ina jin sa." Ban gane abin da yake nufi ba, kuma a lokacin ta kaina nake yi.

Da yamma na kira yayana Malam Sani, wanda ke koyarwa a Bebeji. Na zayyana masa komai. Da na gama ya ce, "Tsiro dai Allah ne ya halicce shi, Haladu. Amma ka san inda ake kai shi, tunda an gaya maka. Ka nemi hanyar fita." Na ce to, Yaya. Motar da ke shiga gari ran Juma'a take zuwa. Na haɗa jakata.

Ran Alhamis da hantsi ina tura kura cike da buhuna ta gefen ɗakin busarwar, sai hancina ya tsaya cak. Cikin ƙamshin nan akwai wani abu da bai kamata ba, kamar an manta tafarnuwa a kasko. Na saki kurar na hau matakala da gudu. Ga furen shimfiɗe a bene, ga Baba Wolta tsaye a gefe, ya ɗebo ya kai hanci yana gyaɗa kai, hankalinsa kwance.

"Baba, yana ƙonewa!"

Ya dube ni, ya dubi agogon zafin da ke bango. Agogon ya ce lafiya lau. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sai allurar ta yi tsalle ta haye can sama. Ashe maƙalewa ta yi. Ban taɓa ganin tsoho ya sauka matakala da irin wannan sauri ba. Ya kashe wutar, muka buɗe ƙofofi, muka kwashe na ƙasan da ya fara yin ja muka zubar. Sauran ya tsira.

Bayan mun gama ya zauna a kan matakala.

"Kai daga waje ka ji shi," in ji shi. "Ni ina tsaye a kansa."

Nan ya gaya mini. Tun da ya yi ciwon korona hancinsa ya mutu, shekara uku ke nan. Ba ya jin fure, ba ya jin hayaƙi, ba ya jin abincin da ke gabansa. Harshensa zaƙi da gishiri da ɗaci kawai yake rarrabewa. Babu wanda ya sani. Kai furen da yake yi hanci, don idon mutane ne. Bara ya lalata wani kaso har masu saye suka mayar, ya ɗora wa injin laifi. Helin ta ce in aka sake, za ta tumɓuke turakun ta ba da hayar filin, shi kuma ta kama masa ɗaki a cikin gari ya huta.

"Kakana ya yi aiki a benen nan, ubana ya yi. Ni na shiga ina ɗan sha tara. In aka fitar da ni, ban san me zan tashi in yi da safe ba." Ya ɗago ya dube ni. "An ce gobe za ka tafi. Mako uku ya rage a gama. Ka ara mini hancinka."

Ban ce na yi daidai ba, kuma ba na rubuta wannan don wani ya kafa hujja da ni. Na san abin da Yaya ya gaya mini, na san gaskiya ce. Amma dattijo ne sa'an mahaifina ya zauna a matakala ya tona mini asirin da ya ɓoye wa 'yarsa, ni baƙon kwana huɗu. Na kasa ɗaukar jakar. Na ce masa zan tsaya har buhun ƙarshe, ba zan taɓa abin da suke yi da shi ba, kuma daga bana ba zan dawo ba. Ya ce ya yarda. Da na gaya wa Yaya, ya ja dogon numfashi ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kada dai ka ƙara kwana ɗaya a kai."

Baba Wolta ya ce wa Helin bayansa na ciwo, yana bukatar mai ɗaga masa buhu. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce to. Na lura ba ta taɓa wuce bakin ƙofar benen. Daga nan take tsayawa ta yi magana ta juya. Wata rana na tambaye shi dalili, ya ce tun tana ƙarama ya kore ta, wai wurin wuta ba na yara ba ne, ita kuma ba ta sake hawa ba.

Makonni ukun nan su ne karatun da na yi a Ingila, na makarantar rakiya ne. In aka zuba sabon fure a benen aka kunna wuta, tururi ya tashi ta cikinsa, duk shimfiɗar sai ta riƙa motsi a hankali kamar mai numfashi. Ya koya mini yadda ake ɗebo fure a murza tsakanin tafuka har ya yi ɗumi, wani gari rawaya ya fito, sannan a dunƙule hannu a sa hanci. Kowane iri da nasa. Shi kuma hannunsa abin mamaki ne. Zai cusa shi cikin furen har gwiwar hannu, ya karya ɗan tsinken da ke tsakiya, ya ce saura rabin sa'a, kuma haka ne. Hannu nasa, hanci nawa. In akwai mutane a kusa, muna da alama: in na gyara hulata, ya yi ke nan.

In mu kaɗai ne sai ya ce, "Gaya mini me ka ji."

In ce, "Wannan ɓawon lemo ne da aka murza. Wancan kuma furen ɗorawa da safe."

"Mene ne ɗorawa?"

Sai in ajiye shebur in ba shi labarin ɗorawa, jan furenta mai lilo, da ƙudan zuma, da garin 'ya'yanta mai zaƙi da muke sha muna kiwo. Ya rufe ido yana saurare. A haka tsohon da bai taɓa barin ƙasarsu ba ya san dajin Falgore, ya san ƙamshin turken shanu bayan ruwan farko. Shi kuma ya share mini kusurwa a benen, ya hana karensa hawa, don in riƙa salla. Da ya ji ba na samun barci, ya ɗinka mini 'yar matashin kai ya cika da busasshen fure, ya ce haka uwarsa take yi musu. Ko furen ne ko gajiya ce, na dai yi barci.

Gonar tana da al'ada. Wani mai dafa giya a ƙauyen yakan karɓi buhun farko kowace shekara, ya dafa, ranar da aka sare igiyar ƙarshe ya kawo ganga ɗaya. A taru a rumfar tarakta, a zuba kofin farko a ba mai busarwa, shi zai fara sha ya faɗa wa jama'a yadda furen bana ya fito. A nan masu saye ke jin abin da za su saya. Shekara biyu Baba Wolta yana tsallake wannan rana da maimaita abin da ya saba faɗa. Bana ya roƙe ni in tsaya kusa da shi in raɗa masa.

Da la'asar aka taru, ma'aikata da maƙwabta da masu saye, Helin na tsaye ta harɗe hannu. Na tsaya bayan kafaɗarsa, hannuwana a baya. Irin giyar da suke kira fel-el ce. Mai dafawar ya buɗe famfon gangar ya tara kofin gilashi, ya ajiye a teburi inda rana ke shigowa.

Zan faɗi abin da na gani da abin da na shaƙa, tunda shi kaɗai na sani. Launinta na zumar da aka tace ne, garau, kana hango hannun mutum ta cikinta. Kumfa fara siririya ta kwanta a sama. Ƙamshin bai jira na sunkuya ba, shi ya zo ya same ni. Na tsaya ina mamaki. Duk wahalar makonnin nan, karcewar hannu da ruwan sama da tururin bene, ga su nan sun taru a kofi ɗaya ban rasa ko guda ba. Na ji tsoron Allah da ya ɓoye wannan duka a cikin ɗan furen da bai kai nauyin gashin kaza ba. Na kuma ji wani abu kamar baƙin ciki, ganin inda aka kai shi.

Na matsa na raɗa masa: lemo, ɗanyar ciyawa, zuma.

Ya ɗaga kofin ya kai hanci yadda ya saba. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Rumfar ta yi tsit. Sai ya ajiye kofin.

"Ɗacinta mai tsabta ne," in ji shi. "Yana zuwa a hankali, ya zauna a bayan harshe, ya bar baki a bushe. Wannan na ji da kaina. Iyakar abin da nake ji ke nan." Ya juya wajen 'yarsa. "Helin, shekara uku ban ji ƙamshin komai ba. Kason bara ba injin ba ne, ni ne. Na bana kuma wannan mutumin ne ya tsare shi. Haladu, gaya musu. Da bakinka."

Idanu suka dawo kaina, ni da 'yar hulata. Na ce musu ba na sha, addinina ya hana, amma zan faɗi abin da hancina ya kawo mini. Na ce abin da ke fara zuwa ɓawon lemo ne, ba ruwansa ba, ɓawon, lokacin da ka murza shi ya fesa maka a ido. Bayansa ɗanyar ciyawa da aka yanka da lauje da sassafe. In ka ɗan jira sai wani ƙamshi mai ɗumi ya taso daga ƙasa, na hatsin da aka gasa, kamar gurasa ta fito daga tanderu. A can ƙarshe kuma furen wani itace na garinmu, wanda Baba kaɗai ya sani a cikinku. Mai dafawar yana ta gyaɗa kai, ɗaya daga masu sayen ya ce haka ne, haka ne.

Helin ta sauke hannuwanta. Ta tako ta ɗauki kofin, ta juya shi, ta kai hanci. Ta daɗe.

"Duk suna nan," ta ce. "Amma akwai wani abu a ƙarƙashi. Ɗan ƙauri, kaɗan ƙwarai. Wannan na ranar Alhamis ɗin farko ne, ko? Ranar da kuka buɗe ƙofofi duka."

Na sunkuya na sake shaƙa. Wallahi yana nan, siriri kamar zare, ni da ake yi wa kirari da hanci sai da ta faɗa na same shi.

Tsohon ya zuba mata ido. "Ke kina jin wannan? Tun yaushe?"

"Tun ina 'yar shekara tara, Baba. Daga tsakar gida nake sanin in ka kusa saukewa. Ba ka taɓa tambayata ba."

Can ya ce, da wata murya ƙarama, "Haladu ba zai dawo ba baɗi."

"Na ji."

"Turakun fa?"

Ta ajiye kofin, ta share idonta da bayan hannu cikin fushi, kamar hawayen laifi suka yi mata. "Hancin ina da shi," ta ce. "Hannun ne ban iya ba. Sai in za ka bar ni in hau."

Washegari da safe na hau benen in yi sallama. Kason ƙarshe yana kan wuta. Na tarar da su biyu, ta cusa hannu cikin furen har gwiwar hannu, shi yana riƙe da wuyan hannunta yana faɗa, wai ta yi garaje. Da ya gan ni ya ce kafin in tafi sai na dafa masa shayin nan nawa. Na dafa, wannan karon fure uku kacal na sa. Muka zauna a matakala muka sha, yana jin ɗacin, ni ina gaya masa sauran. Ban koma ba, kamar yadda na yi alkawari.

Amma a jirgin dawowa wani abu ya tsaya mini a rai. Na yi ta ganin tsohon yana kai fure hanci yana gyaɗa kai don idon mutane, kuma na san na taɓa ganin wannan gyaɗa kan a wani wuri.

Kwana biyu da isowata Tudun Wada na hau babur na nufi ruga. Goggo Habi ta tsufa ƙwarai, ta daina zuwa kasuwa, amma tana nan zaune a inuwa kusa da ƙoren jikokinta tana ba da umarni. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi ko Turawa na da shanu. Na ciro 'yar matashin nan daga jaka na miƙa mata.

"Goggo, ga tsaraba. Ji ƙamshinsa."

Ta karɓa ta kai hanci, ta gyaɗa kai. "Kai, da daɗi."

"Kamar me, Goggo?"

Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da take mini in na saci fura.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin da na yi bayan haihuwar fari," ta ce. "Kafin a haife ka. Wa zai sayi nono wurin matar da ba ta jin warinsa?" Ta juya matashin a hannunta, sai ta fashe da dariya har tana tari. "Shekara nawa kana cin furata, Haladu? Sai da ka je ƙasar Turawa ka gano?"

Na kasa dariyar. Ta jawo wata ƙwarya ta buɗe faifan, ta turo mini ita da ƙafa.

"To tunda ka zo, sansana mini wannan."